Yadda Za Ka Auna Kanka Ka Ɗaura Niyyar Gyara: Jiki, Ibada da Hankali

Bayan kowace ƙaramar salla tambaya ɗaya ce take ta dawowa daga masu karatu a nan Damagaram. Mutum ya fito daga azumi da niyyar rage shayi, riƙe asuba a jam'i, sauke tumbi, daina faɗa da iyali, amma kafin a yanka ragon layya komai ya koma gidan jiya. Ta ina ake farawa, yaya kuma ake riƙewa? Galibi ba ragwanci ke kayar da niyyar ba. Ana ɗaura ta ne ba a san inda ake tsaye ba, sannan a kinkimo abu goma rana ɗaya. Tsarin da ke ƙasa shi ne mako biyu na awo, zama ɗaya na zaɓe, kwana 40 na aiki, sai a sake awo. An haɗa ɓangarorin uku, jiki da ibada da hankali, don dama a haɗe suke: Salmanul Farisi ya gaya wa Abu Darda'i cewa Ubangijinsa na da haƙƙi a kansa, ransa na da haƙƙi, iyalinsa na da haƙƙi, Annabi (SAW) kuma ya ce Salmanu ya yi gaskiya. Da namiji aka yi maganar don sauƙin rubutu. Inda mata suka bambanta, an faɗa.

Mataki na 1: Haɗa kayan aiki

Kaye, wato littafin rubutu, mai shafi 100 da bik. Kada ya zama wanda kake rubuta bashin shago a ciki. Nasa daban, a kuma ajiye shi inda yara ba sa kai hannu. Sai metir mai laushi irin na tela, da agogo, ko na waya ya isa. Duka waɗannan a kasuwar Dole ba za su ci maka jika biyu ba.

Sikeli da na'urar awon hawan jini ba sai ka saya ba, akwai su a CSI, wato ƙaramin asibitin unguwarku, da farmasi da yawa. Ka tambayi kuɗin kowane awo kafin a yi maka, don ya bambanta daga wuri zuwa wuri. In gida ko fada, wato majalisar abokan hira da shayi, za ku haɗa kuɗi ku sayi na'urar ku yi ta amfani da ita tare, dabara ce mai kyau.

Hattara: ku sayi wadda ake ɗaurawa a damtse. Ta wuyan hannu tana yawan kuskure in hannun ya ɗan sauka ko ya hau. A duba kuma ɗaurin ya isa damtsen mai ƙiba, don ƙaramin ɗauri a babban hannu yana nuna lamba sama da gaskiya.

Rubuta da abin da ya fi maka sauƙi, boko ko ajami ko Faransanci. Wanda bai iya rubutu ba ya yi zane: tsaye in an yi, gicciye in ba a yi ba.

Mataki na 2: Mako biyu kana rubutawa, ba ka gyara komai

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma ginshiƙin sauran. Tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya ɗauki awo. Kowane dare bayan lisha ka ɗauki minti biyar ka rubuta abu bakwai a shafi ɗaya: ƙarfe nawa ka kwanta jiya, ƙarfe nawa ka tashi, kofin shayi nawa, goro nawa, sigari nawa, da lokacin na ƙarshe, abin da ka ci, har da na tsakanin abinci irin su awara, fanke da lemun kwalba, minti nawa ka yi tafiya a ƙasa ko aikin da ya sa ka haki, salloli biyar, wacce a kan lokaci, wacce a jam'i, wacce aka rama, abin da ka karanta na Alƙur'ani ko zikiri, sai yadda ranka ya yini, daga 1 in a dagule yake zuwa 5 in wasai, da layi ɗaya na dalili.

Me ya sa kwana 14 ba 7 ba? Don ka samu Alhamis biyu da Juma'a biyu a ciki. Ranar kasuwa da ranar Juma'a ba sa tafiya kamar sauran ranaku, mako ɗaya kuma yana iya faɗawa kan biki ko rasuwa ya ɓata lissafin.

Hattara: kada ka fara zama mutumin kirki don littafi. In kofi shida ka sha, rubuta shida. Mai rubuta uku kansa ya cuta, don zai gina niyya a kan ƙarya. Kada kuma a yi wannan awo cikin azumi, ko kwance da zazzaɓi, ko a hanyar tafiya. Rayuwar yau da kullum ake son gani.

Mataki na 3: Auna jiki

Fara da tsayi. Cire takalmi da hula, jingina da bango, wani ya ɗora littafi a kanka ya yi alama, a auna daga ƙasa.

Sai ƙugu, wanda a ganinmu ya fi sikeli faɗin gaskiya, don kitsen ciki ne ke tafiya da ciwon suga da hawan jini. Da safe kafin kari, a tsaye, ɗaga riga. Laluba haƙarƙarinka na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, zagaya metir a tsakaninsu, wajen saitin cibiya. Saki numfashi yadda ka saba, kada ka haɗiye ciki, kada metir ya nutse a fata. Ƙa'idar mai sauƙi ce: ƙugu kada ya kai rabin tsayi. Mai santimita 170, ƙugunsa ya tsaya ƙasa da 85. In babu metir, yanki zare daidai tsayinka, ninka shi biyu, ka zagaya cikinka. In bakin biyu ba su haɗu ba, akwai aiki. Wannan awo ba na mai juna biyu ba ne, ba kuma na ƙananan yara ba.

Nauyi: sikeli ɗaya, lokaci ɗaya, tufafi marasa nauyi. Ninka tsayinka na mita da kansa, ka raba kilo da abin da ya fito. Mai kilo 78 da tsayi 1,70 zai raba 78 da 2,89, ya samu 27. Daga 18,5 zuwa ƙasa da 25 daidai ne, 25 zuwa sama nauyi ya yi yawa, 30 ƙiba ce sosai, ƙasa da 18,5 rama ce. A garinmu duka biyun akwai, wani lokaci ma a gida ɗaya, don haka ba kowa ne niyyarsa ragewa ba.

Hattara: ramar da ba ka neme ta ba, ba abin murna ba ce. In ta zo da tari fiye da mako biyu da zufar dare, a je gwajin tarin fuka. In ta zo da ƙishirwa da yawan fitsari, a gwada suga.

Hawan jini, wanda aka fi sani da tansiyo, a nan kuskure ya fi yawa. Mutum ya sauka daga kabu-kabu cikin rana, goro a baki, ya miƙa hannu a ɗaura masa, lamba ta fito sama, ya tafi gida da fargaba. Yadda ake yi: rabin awa kafin awo babu shayi, babu goro, babu sigari. Yi fitsari tukuna. Zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafafu biyu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ɗaurin a kan fata ba a kan hannun riga ba, ba magana. A auna sau biyu da tazarar minti ɗaya ko biyu, a sake wata rana daban. A takardunmu za ka ga an rubuta 12/8 ko 14/9, na'ura kuma ta nuna 120/80 ko 140/90. Abu ɗaya ne, sifili aka cire. Wanda ya kai 14/9 a ranaku biyu mabambanta ya ga majo, wato babban ma'aikacin jinya na CSI, ko likita, ko da garau yake jin kansa, don wannan ciwo ba ya sallama.

Hattara: 18/12 ba ya jiran gobe. In kuma akwai ciwon ƙirji, gani dishi-dishi, karkacewar baki, nauyin harshe ko mutuwar ɓarin jiki, a wuce babban asibitin Damagaram nan take, ba a tsaya jiƙa komai ba. Mai juna biyu da ta kai 14/9, ko take kumburin fuska da ciwon kai, ta ga ungozoma a ranar.

Suga: ana zuwa da safe bayan awa takwas ba a ci komai ba. Ruwa zalla ba laifi, amma kunu, fura da shayi duk abinci ne, ko da mai shan su bai ɗauke su haka ba. Sakamako yakan fito da giram a lita. Ƙasa da 1,10 daidai ne, daga 1,10 zuwa 1,25 gargaɗi ne, 1,26 zuwa sama sai a maimaita wata rana don a tabbatar da ciwon. Na'urar da ke nuna 126 wannan lambar ce dai. Wanda ya haura 40, ko ƙugunsa ya wuce rabin tsayi, ko akwai ciwon a danginsu, da matar da ta taɓa haihuwar jariri mai kilo huɗu ko fiye, kada su tsallake shi.

Sauran biyun minti ɗaya ne. Bugun jini a wuyan hannu, kana hutawa: ƙirga na daƙiƙa 30 ka ninka biyu, 60 zuwa 100 shi ne na al'ada. Sannan ja fatar idonka ta ƙasa a gaban madubi. In ta yi fari fat tare da kasala da jiri, a nemi gwajin jini.

Mataki na 4: Auna ibada

Abin da ke cikin zuciya Allah kaɗai ya san awonsa. Abin da za ka iya ƙirgawa shi ne aiki, kuma da jeri ake dubawa: farilla, sannan haƙƙin mutane, sannan nafila. Masu farawa daga ƙarshe suna da yawa. Mutum yana neman wuridin da zai ƙara alhali asuba sai rana ta fito.

Kwana 14 salla 70 ke nan. Ƙirga nawa ka yi a kan lokaci, nawa a jam'i. Jimillar ba ita ce abin nema ba, wacce salla ce take yawan faɗuwa? Ɗan kasuwa yakan ga la'asar ce, ɗan fada asuba, uwar gida magariba saboda tukunya. Wannan sallar guda ita ce za ta zama niyyarka. Mace ta cire kwanakin al'ada da na biƙi daga lissafi gaba ɗaya. Ba gibi ba ne.

A shafi na daban rubuta basussuka iri biyu. Na Allah: azumin da ake binka da adadin kwanakinsa, kaffara in akwai, zakka in dukiya ta kai nisabi ta shekara, wadda ɗaya ce cikin arba'in a kuɗi da kayan saye da sayarwa. Na mutane: wa ke binka kuɗi, nawa, tun yaushe; da wa kake gaba, alhali shari'a ba ta yarda a ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku ba; wane dangi ne rabonka da ƙofarsa tun wata rasuwa. Wannan shafin ya fi kowanne nauyin rubutawa, shi ya sa ake barinsa fari.

Sai ilimi. Ka tabbata alwalarka da wankanka daidai suke? Ka san inda ake ƙabli da inda ake ba'adi? Fatiharka wani ya taɓa saurara ya gyara maka tun barinka makarantar allo? Wannan ba a auna shi a ɗaki. Je zauren malamin unguwa ka ce, "Allah gafarta Malam, ina so a saurari karatuna a gyara mini." Ba wanda zai yi maka dariya, masu furfura ma suna zuwa.

Hattara biyu a nan. Na farko, littafin sirri ne tsakaninka da Ubangijinka. Ranar da shafin ya hau WhatsApp, niyya ta gurɓace. Na biyu, in ƙirgar ta mai da kai mai maimaita alwala har buta biyu ta ƙare, ko kabbarar harama sau da yawa, wannan waswasi ne, ba tsoron Allah ba. Ajiye ƙirgar, gaya wa malam, in kuma abin yana cin lokacinka kullum har da ma'aikacin lafiya, don yana da magani.

Mai karatu Kirista zai bi jerin nan da addu'arsa, karatunsa da zuwa majami'a. Shafin bashi da gaba na kowa ne.

Mataki na 5: Auna hankali

Koma kan lambobin 1 zuwa 5 da ka rubuta, ka zagaye duk ranar da ta samu 1 ko 2, ka karanta dalilan a jere. Kusan kullum abu ɗaya ko biyu ne ke maimaituwa: kuɗin cefane, wani mai bin bashi, mutum ɗaya a wurin aiki, kishi, ko dare da aka raba a waya.

Sannan ka amsa tambaya biyu da ma'aikatan lafiya ke yi, game da mako biyun nan. Sau nawa ka ji abin da ka saba jin daɗinsa ya fita ranka? Sau nawa ka ji baƙin ciki ko yanke ƙauna? Kowacce ba ta 0 in bai faru ba, 1 in ƴan kwanaki ne, 2 in ya fi rabin kwanakin, 3 in kusan kullum. Jimilla 3 ko fiye ba hukunci ba ne cewa kana da ciwo, alama ce ta a je a yi magana da majo ko likita. Ƙara da duba barcin da ya ƙi zuwa ko farkawa tsakar dare da tunani, rashin cin abinci, faɗuwar gaba ba dalili, saurin hannu a kan yara, da mantuwar da ba ka saba ba.

Akwai abin da ba ka gani a kanka. Zaɓi mutum ɗaya mai riƙe sirri wanda ba ya tsoron gaya maka gaskiya, ka ce, "Yaya, don Allah me ka ga ya canja a halina bana?" Ko ka tambayi uwar ƴaƴanka a lokacin da ba a cikin faɗa. Sharaɗin shi ne ka yi shiru har a gama, ka yi godiya, ka rubuta. In ka fara kare kanka, ba za a sake gaya maka ba.

Hattara: tunanin kashe kai ko cutar da wani, jin muryoyin da wasu ba sa ji, kwanaki ba barci ana ta surutu ba tsayawa, ko mai jego da ta kasa kula da kanta da jaririnta, duk waɗannan na asibiti ne a ranar, kuma ba a barin mutum shi kaɗai. Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa likita, a haɗa su. Ciwon damuwa kuma ba raunin imani ba ne, masu yawan ibada ma yana kama su.

Mai shan tramol ko wata ƙwaya don ƙarfin aiki ya rubuta adadin da yake sha kullum ba ragi. Kada ya yanke lokaci guda shi kaɗai bayan ya daɗe a kai, don jiki zai yi bore da zufa, ciwon gaɓoɓi, rashin barci da firgita, galibi a koma a sha fiye da na da. Yawanta kuma yana kawo farfaɗiya. Ragewa a hankali a hannun likita ita ce hanya.

Mataki na 6: Nemo ƙullin da ya haɗa ukun

Buɗe shafukan kwana 14 ka bi su a kwance, ba a tsaye ba. Ranakun da asuba ta kuɓuce, ƙarfe nawa aka kwanta? Ranakun da rai ya samu 2, awa nawa aka yi barci? A wajen mafi yawan mazan gari amsar tana kan tabarmar fada. An ɗora shayi bayan lisha, na farko mai ɗaci ya shiga ciki ƙarfe goma, hira ta kai ɗaya, an dawo gida an ɗauki waya. Sinadarin da ke hana barci a shayi da goro yakan ɗauki kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, ke nan har kiran assalatu yana nan. Gari ya waye an makara, jiki a mace, ana neman wani shayin da suga don a tashi, kafin azahar an yi wa mutum uku tsawa. A takarda matsala uku ce, a gaskiya guda ce. Babba yana buƙatar barcin awa bakwai ko fiye.

A wajen mata ƙullin yakan zama tashin dare don tarar ruwa lokacin da famfo ya kawo, ko shayarwa, ko cin abinci a ƙarshe bayan kowa ya ƙoshi. Wannan ba niyyar mutum ɗaya ke warware shi ba, sai an zauna da maigida da manyan yara an raba aikin. Ga wasu kuma bashi ne ƙullin. Ko mene ne, shi za ka fara kamawa.

Mataki na 7: Rubuta niyya

Ɗaya a kowane ɓangare, uku ke nan, kuma ɗaya daga ciki ta taɓa ƙullin da ka gano. Kowacce ta amsa tambaya huɗu: me, nawa, yaushe, a ina. "Zan kula da lafiyata" fata ce. "Zan yi tafiyar minti 15 daga ƙofar masallaci bayan asuba, Asabar zuwa Laraba" niyya ce. Ɗaura kowacce a jikin salla, don salla ce agogon da ba ya tsayawa a garin nan.

Na jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki matsakaici, wato minti 30 sau biyar. Wanda bai saba ba ya fara da 10 ko 15, ya ƙara biyar duk mako. Saurin da ya dace shi ne wanda za ka iya amsa gaisuwa amma ba za ka iya rera waƙa ba. Gishiri kada ya kai giram 5 a yini, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma a lissafa da dunƙulen magi wanda kusan rabinsa gishiri ne, da kanwa, da yajin tsire da kilishi. Tukunya ta gida ce, don haka a yi shawara da mai girki: a cire dunƙule ɗaya, a cike gurbin da daddawa, citta da tafarnuwa, bayan mako biyu harshe ya saba a sake cire wani. Suga kada ya wuce giram 50 a yini, kamar ƙaramin cokali 12, lemun kwalba guda kuma ya kusa cinye 35. Mai son rage nauyi ya nemi rabin kilo a mako, ba fiye ba. Mai ƙarancin jini ya raba shayi da abinci da aƙalla awa ɗaya, don shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe, ya kuma yawaita wake, zogale da hanta in hali ya yi.

Hattara: mai ciwon zuciya, mai sikila, mai juna biyu da wanda tansiyonsa ya hau sosai su tambayi likita kafin su fara motsa jiki mai ƙarfi. Mai shan maganin suga kada ya ɗaura niyyar azumin Litinin da Alhamis sai da izinin likitansa. Mai shan maganin hawan jini kada ya daina don lamba ta sauka; maganin ne ya sauke ta. Ƙwayoyin rage ƙiba ko ƙara ta da ake yawo da su a faranti cikin rana, a bar su inda aka gan su.

Na ibada. Sallar da ta fi faɗuwa ita ce farko, da dabararta a rubuce: buta cike a bakin ƙofa tun dare, ko rufe shago minti goma kafin kiran la'asar. In farilla ta zauna, sai karatu. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni takwas, jimilla 480. Sumuni ɗaya bayan kowace salla sauka ce cikin kwana 96. Izu ɗaya a rana wata biyu, izu biyu wata ɗaya. Ɗauki wanda za ka iya ko ranar da ka fi gajiya, don ya tabbata a hadisi cewa aikin da Allah ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. Ramuwar azumi a sa mata ranaku da sunansu, hunturu ya fi sauƙi.

Na hankali. Shayin ƙarshe kafin magariba, ko a fada ka wuce na farko da na biyu ka karɓi na uku kawai. Waya ta kwana nesa da shimfiɗa. Ko ziyara ɗaya duk Juma'a. Ko zuwa wajen mai bin bashi a yanka abin da za a riƙa ba shi duk mako, wanda yakan dawo da barci fiye da kowane magani.

Faɗa wa mutum ɗaya niyyar jiki da ta hankali, wanda zai tambaye ka duk mako. Ɗaya, ba fada duka ba.

Mataki na 8: Daidaita da yanayi da aljihu

Niyyar da aka tsara a Disamba ba ta aiki a Afrilu. A bazara zafi yana haura digiri 40, tafiya sai bayan asuba ko dab da magariba, a sha ruwa kafin a fita. Launin fitsari shi ne ma'auni: in ya yi duhu, ruwa bai isa ba. Ɗakuna ba sa kwantuwa da wuri a wannan lokaci, sai a cike gibin da ƙailula ta minti 20 zuwa 30 bayan azahar; in ta zarce awa, ta cinye barcin dare. Da damina noma da kansa motsa jiki ne, ba sai an ƙara ba, niyyar jiki ta koma kwana cikin gidan sauro da yin gwaji da zarar zazzaɓi ya zo, kafin a sha magani. Da hunturu a rufe hanci saboda ƙura, mai asma ya rage fita da sassafe, a kuma tanadi ruwan ɗumi don alwalar asuba. Azumi nasa tsarin daban; a dakatar da wannan, a ci gaba bayan salla.

Kuɗin awo da magani kada su zo maka ba shiri. Dala ashirin kullum a asusu jika uku ne a wata. Sau da yawa sugan da sigarin da aka rage ne ke biyan su.

Mataki na 9: Bita

Duk Juma'a bayan an sauko, minti goma da littafi. Ƙirga ranakun da kowace niyya ta samu. Biyar cikin bakwai ya yi, ci gaba. Ƙasa da huɗu mako biyu a jere yana nufin niyyar ta yi girma ko lokacinta bai dace ba: raba ta biyu, ko matsar da ita jikin wata salla. Wannan sassauci na tafiya ne da karatu da shayi, ban da farilla. Ita ba a rage ta, dabarar ake canjawa. Ranar da aka fasa ba a ninka ta washegari, a ci gaba kawai daga inda ake.

Ranar 40 a sake auna ƙugu da nauyi da metir ɗin nan da sikelin nan, da safe kamar farko. A sake tansiyo, a sake tambayoyin nan biyu na hankali, a ƙirga sallolin mako biyun ƙarshe cikin 70. Suga sai bayan wata uku ko yadda likita ya ce. Kada ka yi mamaki in sikeli bai motsa ba amma ƙugu ya ragu da santimita ɗaya ko biyu, haka yakan fara. Niyyar da ta zama jiki a bar ta tana tafiya, a ɗauko ta gaba daga shafin awo. Wadda ta ƙi zama duk da ragewa, a koma Mataki na 6, wataƙila ba ainihin ƙullin aka kama ba. Ranar zuwa CSI kuma a tafi da littafin, a nuna wa majo shafin lambobin jiki da ranakunsu.